Sa wa Gilashin Mota Duhu a Gida

Ranar da na fara manna wa gilashin motata leda, na kammala ƙofar farko da la'asar ina ganin aiki ya yi kyau, domin a cikin inuwar gareji babu wani aibi da ido yake iya kamawa. Sai da na fito da motar cikin rana washegari da hantsi sannan na ga fararen ɗigo sun fi ashirin a warwatse a jikin gilashin, kowanne da ɗan zoben iska kewaye da shi, kuma duk dannawar da na yi musu da kati ba ta sa ko guda ya ɓace ba. Ƙura ce ta shiga tsakanin gam da gilashi, kuma ƙurar da gam ya riga ya rufe ba ta da hanyar fita. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na ɓare ledar na zubar, na bar motar haka har mako guda ina bin diddigin inda kuskuren ya faro. Abin da na gano shi ne mannawar, wadda kowa yake ɗokin ya kai gare ta, ita ce mafi ƙanƙantar sashe na aikin. Kyau ko munin sakamakon yana tabbata ne tun kafin gam ya taɓa gilashi, wato wajen zaɓen leda da wajen wanki.

Abin da ya kai ni ga aikin shi ne motata tana wuni a fili, kuma a doguwar tafiya rana takan kwanta a kan hannuna na gefen taga, ta kuma doki fuskokin yara a kujerar baya har sai an rataya musu wani zane. Da yake ina son yin ƙananan gyare-gyaren mota da kaina, sai na ga babu laifi in gwada.

Abin da jama'a suke kira tintet, ko baƙin gilashi, a mafi yawan motoci siririyar leda ce ta roba nau'in foliyesta, mai hawa-hawa, da ake mannawa ta cikin mota. A fuskarta ɗaya akwai gam da aka rufe da wani marufi garai-garai wanda ake ɓarewa a zubar, a ɗaya fuskar kuma akwai shafe mai tauri da ke kare ta daga karcewa, sannan a tsakani ne ake saka abin da ke tare haske. Fasahar ta daɗe, domin tun a 1966 kamfanin 3M na Amurka ya yi rajistar mallakar irin wannan leda ta tare rana. Motocin da suke fitowa daga masana'anta da gilasan baya masu duhu daban suke, don launinsu yana cikin gilashin ne, ba ya ɓaruwa, kuma ba lallai ya tare zafi kamar yadda leda mai inganci take yi ba.

Leda iri-iri ce, kuma a nan na fara kuskure tun kafin kuskuren ƙura. Na sayi ta farko bisa duhunta kawai, ina zaton gwargwadon baƙinta gwargwadon sanyin da za ta kawo. Ƙarfin rana da ke isowa ƙasa kuwa ya kasu uku: akwai hasken da ido yake gani, akwai infirared wanda ido ba ya gani amma fata tana jin sa a matsayin zafi, shi ne kusan rabin ƙarfin baki ɗaya, sai ɗan kaso kaɗan na ultrabayolet, wanda duk da ƙarancinsa shi ne yake ƙona fata yake kuma koɗar da kujeru. Ledar da aka yi da rini tana rage hasken da ido ke gani ne, ta bar infirared mai yawa ya wuce, sannan rinin da ba shi da inganci yakan juye bayan 'yan shekaru ya koma shunayya. Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwar mota da gilashin baya mai launin shunayya, cike da bororo, ya ga ƙarshen irin wannan leda. Mai ɗauke da ƙarfe, galibi alminiyom, tana mayar da zafi waje kamar madubi, sai dai ƙarfen yana iya raunana siginar waya da ta rediyo da ta na'urar nuna hanya, musamman a motar da eriyarta take shimfiɗe a jikin gilashin baya. Ta kabon, wato sinadarin gawayi, tana da baƙi marar ƙyalli wanda ba ya juyewa. Ta seramik kuma, wato mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin sinadari dangin tangaran, tana tare infirared da yawa ko da ba ta da duhu, ba ta kuma shafar sigina, ita ce na koma wa a karo na biyu, domin a ganina wanda zai ba da wuni biyu yana aiki da hannunsa bai kamata ya ba da su a kan ledar da za ta juye ba. Game da ultrabayolet, yawancin ledoji masu inganci, har da waɗanda kusan babu duhu a jikinsu, suna tare kusan kashi 99 cikin 100 nasa. Wannan ya fi amfani a gilasan gefe, saboda gilashin gaba falle biyu ne da roba a tsakani, robar kuma ta riga ta tare mafi yawan wannan haske, alhali gilasan ƙofofi a yawancin motoci falle ɗaya ne da aka gasa don ya yi ƙarfi, kuma wani sashe na ultrabayolet yana ratsa shi.

A jikin kwalin kowace leda akwai lamba: 5, 20, 35, 50 ko 70. Lambar tana nufin kason hasken da ledar take bari ya wuce, don haka ƙaramar lamba ita ce mafi duhu. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne gilashin da kansa yana cin wani kaso, domin gilashin ƙofa da ake gani garau yakan bar kashi 70 zuwa 80 ne kawai. Lissafin kuma ninkawa ne. Idan gilashinka yana barin kashi 75, ka manna masa leda mai lamba 35, abin da zai shigo motar kusan kashi 26 ne, kuma wannan adadin ne na'urar awo ta jami'an hanya za ta nuna.

Doka a kan wannan ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Birtaniya, motar da aka fara amfani da ita daga 1 ga Afrilu 1985 dole gilashinta na gaba ya bar aƙalla kashi 75, gilasan ƙofofin gaba kuma kashi 70, wanda a aikace yake nufin kusan babu ledar da za a iya ƙara musu, alhali gilasan baya ba a sa musu iyaka ba. A Amurka kowace jiha da tata: Kalifoniya tana neman kashi 70 a ƙofofin gaba, Fulorida kashi 28, Tekzas kashi 25. A Indiya Kotun Ƙoli ta haramta manna leda a gilasan mota a 2012. A wasu ƙasashen kuma sai an nemi takardar izini daga 'yan sanda. Tun da ɓare leda ya fi manna ta cin rai, ya kamata mutum ya san dokar inda yake tuƙi kafin ya sayi komai.

Ko inda doka ta ba da dama, ina roƙon mai karatu ya tuna da dare. Na taɓa tuƙa motar wani aboki mai leda lamba 5 a kowace taga, kuma da na zo komawa da baya a wani layi marar fitila sai da na sauke gilasan gaba duka biyu kafin na ga gefen hanya. Mai tafiya a ƙasa ko mai keke da ke son tsallakawa yakan dubi fuskar direba don ya tabbatar an gan shi, baƙin gilashi kuwa yana hana shi wannan. Saboda haka na sa wa ƙofofin gaba lamba 70 ta seramik, na sa 35 a baya, gilashin gaba kuma ban taɓa shi ba.

Kayan aikin ba su da yawa: kwalbar feshi, da magogin roba na share ruwa, da kati mai tauri, da reza mai faɗi, da wuƙar yanka wadda ake karya bakinta idan ya dakushe, da na'urar hura iska mai zafi, da salatif, da tsummoki marasa zubar da zare. Bakin wuƙar ya zama na ƙarfe marar tsatsa, kuma a riƙa karya shi akai-akai, domin dakusasshen baki ne yake yaga leda, yake kuma sa mutum ya danna da ƙarfi har ya karce gilashi. Ruwan feshin tataccen ruwa ne da ɗigo kaɗan na sabulun wanke kan jarirai, wanda yake ba ledar santsi ta riƙa zamewa har a daidaita ta. Idan sabulun ya yi kaɗan gam zai kama tun ba a shirya ba, idan ya yi yawa ledar za ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Mai farawa gara ya nemi ledar da aka riga aka yanka da kwamfuta daidai da samfurin motarsa, idan akwai, in kuwa naɗi zai saya, ya sayi fiye da abin da awo ya nuna, saboda sai ya ɓata wani. Wanda motarsa take da tsohuwar leda kuma tururi ne ya fi dacewa da cire ta, ana hura shi a kusurwa ana ja sannu a hankali don ledar ta taho da gam ɗinta.

Wajen wanki ne gizo ke saƙar. Wurin aiki ya zama rufaffe, babu iska, babu fanka, babu rana kai tsaye, domin rana tana busar da ruwan sabulu kafin a gama daidaitawa. A karo na biyu na wanke motar duka ta waje, na share cikinta tun da daddare don ƙurar da ta tashi ta samu lokacin kwanciya, da safe na yayyafa ruwa a daɓen garejin, na kuma ajiye rigar ulun da na sa a karon farko na ɗauki wadda ba ta zubar da gashi. Rigar nan tana cikin abubuwan da suka ɓata aikin farko, domin leda idan aka ɓare mata marufi takan riƙa jawo zare da ƙura daga nesa kamar maganaɗisu.

Gilashin kansa ba wanki ɗaya ake yi masa ba. Da farko a fesa ruwan sabulu ta ciki a bi shi da reza lungu-lungu, a kankare ragowar gam na tsofaffin sitika da duk abin da ya daskare, kuma kada a ɗora reza a busasshen gilashi. Sannan a sauke shi kaɗan a goge bakinsa na sama, wanda kullum yake shiga cikin roba yana kwaso datti. Sai a sake fesawa a share da magogi daga sama zuwa ƙasa, ana goge bakin magogin da tsumma bayan kowane ja. Inda ƙura ta fi ɓuya shi ne cikin robar da ke gefen gilashi, da kuma wani zane mai gashi-gashi da ke ƙasan taga, wanda gilashi yake gogawa idan yana hawa da sauka. A karon farko ban kula da su ba. Na wanke tsakiyar gilashi tas, amma da na tura ledar cikin gefuna sai ruwa ya kwaso dattin cikinsu ya dawo da shi ƙarƙashin gam. A karo na biyu na naɗe kati da tsumma na riƙa zurawa cikin robar har sai da tsumman ya daina fitowa da baƙi, na fesa ruwa mai yawa ya wanke gefunan zuwa ƙasa, sannan na rufe zanen mai gashi da salatif. Tun da ruwa zai kwarara, wajibi ne a rufe maɓallan ɗaga gilashi da sifikar ƙofa da tawul, domin ruwan sabulu da wayoyin lantarki ba sa ga maciji.

Yanka ta waje ake yin sa, ko da yake mannawa ta ciki ce. Ana jiƙa bayan gilashin a shimfiɗa ledar a kai, marufin gam yana kallon mai aiki, domin idan aka shigar da ita ciki fuskar gam ce za ta fuskanci gilashi. Wanda ya rikita wannan zai yanka ledar ƙofar hagu ya tarar ta dama ya yanka. Gane fuskar marufi abu ne mai sauƙi: a manna guntun salatif biyu a kusurwa ɗaya, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, a ja su, fallen da ya rabu garai-garai shi ne marufi. Ana fara yanke ƙasa da gefuna a bar ɗan rara da zai shige cikin roba, sannan a sauke gilashin kamar santimita 5 a bi bakinsa na sama da wuƙa. Wajen mannawa ana barin tazarar milimita 1 zuwa 2 tsakanin bakin leda da bakin gilashi, don kada robar sama ta riƙa kama ledar duk lokacin da aka rufe taga, kusurwoyi masu tsini kuma a ɗan zagaye su, saboda daga tsini ɓarewa take farawa.

Tsakanin ɓare marufi da ɗora leda a kan gilashi daƙiƙu ne kaɗan, kuma a cikinsu aka fi yin asara. Ana ɓare marufin ne ana fesa wa gam ruwa har ya jiƙe sharkaf, a jiƙa yatsu, a jiƙa gilashin, sannan a ɗauko ledar a ɗora ba tare da ta taɓa kujera ko bangon ƙofa ko riga ba. Ga gilashin ƙofa na fi son ɓare rabin marufin na sama kawai, in daidaita bakin sama alhali gilashin yana ƙasa kaɗan, in matse ruwan wannan sashe, in ɗaga gilashin, sannan in janye sauran marufin in tura ƙasan ledar cikin roba. Matse ruwa daga tsakiya ake farawa zuwa gefuna, kowane ja yana hawa kan rabin na baya, a ƙarshe a bi gefuna da kati naɗe da tsumma don ya shanye ruwan da ke fitowa kafin ya koma ciki da datti. Idan ledar ta karye ta yi layi, layin ya zauna ke nan, babu zafi ko dannawar da za ta share shi, kuma gara a yanko sabuwa nan take da a yi shekaru ana kallonsa.

Ƙofofi huɗu da ƙananan gilasan kusurwa duk mai haƙuri zai iya yin su. Gilashin baya wani abu ne daban, kuma a kansa ne nake ganin ya kamata kowa ya auna kansa da gaskiya. Shi ya lanƙwashe ta tsaye da ta kwance kamar bayan ƙwarya, leda kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, don haka idan aka ɗora ta a kai rararta takan taru ta miƙe dogaye-dogaye a sama da ƙasa, abin da masu sana'ar suke kira yatsu. Maganinsu shi ne a tsuke ledar da zafi ta waje har ta ɗauki siffar gilashin kafin a shigar da ita. Ledar tana tsukewa ne ta fuska ɗaya kawai, wato ta tsawon naɗin, saboda haka dole a shimfiɗa ta tsawon naɗin yana kwance daga hagu zuwa dama, bakunanta na masana'anta suna sama da ƙasa. Yatsun da suka miƙe tsaye za su kwanta da zafi, amma waɗanda suka fito ta gefe a kwance ba za su kwanta ba, sai dai a tura rararsu ta koma sama ko ƙasa. Rashin sanin wannan ne ya cinye mini falle na farko.

Da na gane, sai na shafa wa bayan gilashin ɗan sabulu na bar shi ya bushe don ledar ta riƙa zamewa ba tare da ta manne ba, na ja layin ruwa ɗaya a tsakiya a kwance da biyu a gefuna a tsaye, kamar harafin H, don su riƙe ta, sannan na raba aikin gida huɗu. Ana riƙe na'urar zafin kamar santimita 10 zuwa 15 daga ledar, hannu ba ya tsayawa, ana farawa daga tsakiya ana tafiya zuwa baki. Idan zafi ya isa, za ka ga yatsan ya fara murɗewa kamar tafiyar maciji, kuma a daidai wannan lokacin ake bin sa da kati a kwantar da shi. Idan aka yi gaggawar dannawa kafin ya murɗe zai karye, idan kuma aka daɗe a wuri ɗaya ledar za ta ƙone ta yamutse, har zafin ya iya taɓa robar gefen gilashi da fenti. Falle na biyu ƙonewa ya yi a kusurwar ƙasa, saura ƙiris in gama. Na uku ne ya zauna, bayan na yi ta gwaji da ragowar guntaye har hannuna ya gane lokacin.

Ta ciki ma gilashin baya yana da nasa sharuɗɗa. Siraran layukan da ke kwance a jikinsa, masu ɗumama shi don su kori raɓa, wani shafe ne mai ɗaukar lantarki da aka ɗora a saman gilashin, reza tana tsinka su cikin sauƙi, kuma layin da ya tsinke ya daina aiki. Don haka a nan soso mai laushi marar karce kawai ake amfani da shi, ana bin layukan a kwance. Shigar da babban falle jiƙaƙƙe ta kan kujerar baya ba tare da ya taɓa rufi ba aiki ne na mutum biyu, kuma cire matasan kai na kujerun yana buɗe wuri. Akwai kuma baƙaƙen ɗigo-ɗigo da ke kewaye da bakin gilashin, waɗanda aka gasa a jikinsa tun a masana'anta. Sun ɗan tasa sama da gilashin, shi ya sa leda ba ta kwanciya sosai a tsakaninsu, sai wurin ya yi fari-fari. Na koma na danne wurin bayan kwana biyu, lokacin da gam ya fara kamawa, farin ya ragu sosai amma bai ɓace duka ba, kuma ko a aikin ƙwararru akan ga alamarsa. Wanda ya ga wannan sashe ya fi ƙarfinsa, babu abin kunya idan ya yi ƙofofi da kansa ya kai gilashin baya wurin masu sana'a, muddin leda iri ɗaya za a sa don launi ya zo daidai.

Bayan an gama, gilasan za su yi hazo-hazo da ƙananan bororon ruwa nan da can. Ruwan da ya rage ne, kuma yana fita a hankali ta jikin ledar, cikin 'yan kwanaki a lokacin zafi, a lokacin sanyi kuwa yana iya kaiwa wata guda. Kada a huda su, kada kuma a danna su. Bororon ruwa yana raguwa kullum, na ƙura kuwa yana da 'yar ƙwaya a tsakiyarsa kuma yana nan yadda yake. Ba a sauke gilashi har kwana uku zuwa biyar, ni dai salatif na manna a kan maɓallan, domin hannu yakan kai can ba tare da tunani ba, balle hannun yara. Wajen gogewa daga baya, ruwan goge gilashi mai sinadarin amoniya yana cin leda a hankali, saboda haka ruwa da ɗan sabulu da tsumma mai laushi sun wadatar.

Shekara biyu ke nan da aikin. Ba zan ce motar da ta wuni a rana tana zama da sanyi ba, domin gilashin gaba ne mafi girman mashigar zafi kuma ban rufe shi ba, rufi da jikin mota ma suna ɗaukar nasu. Idan ta daɗe a ajiye takan yi zafi, sai dai a hankali fiye da da. Inda bambancin yake a fili shi ne lokacin tafiya: zafin da ke cizon hannu ta taga ya tafi, sanyin esi yana kama motar da wuri, fitilun motocin baya ba sa kashe mini ido a madubi da dare kamar da, yara kuma suna barci a baya ba tare da an rataya zane ba. Akwai ɗigon ƙura biyu a kusurwar ƙasa ta ƙofar baya ta hagu, da ɗan farin layi a saman gilashin baya wajen baƙaƙen ɗigon nan. Ƙofar direba, wadda ita na fara yi a karo na biyu tun hannuna bai faɗa ba, bakinta na sama ya fara ɗagawa a kusurwar gaba saboda tazarar da na bari ba ta kai ba, kuma ita nake shirin sakewa da ragowar naɗin da na adana a cikin kwalinsa, da zarar na samu ranar da babu iska.